Daɓen Makuba Na Ja Da Baya A Ƙasar Mafara

A garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun, wanda duk ya tashi gina ɗaki yanzu, siminti yake fara tunani. Amma kafin siminti ya wadata, daɓe ne ƙasan ɗakin kowa, daga zauren hakimi har ɗakin amarya, kuma mata ne ke da wannan sana'a.

Yadda ake yi shi ne, a zuba burji ko tsakuwa a baje, a yayyafa ruwa, sa'an nan matan unguwa su taru gayya, kowace da madaɓinta na icce, su durƙusa su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Abin da ke ba daɓe ƙarfi kuwa shi ne makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ya rage bayan an fid da gari da kalwa. Akan jiƙa shi ko a dafa har ruwan ya yi ja wur, a riƙa yayyafawa ana ƙara bugu. A cikin ɓawon akwai sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ne ke ɗaure ƙasar ta yi tauri da sheƙi, ruwa ya kasa shigarta da wuri.

To, amma fa daɓe yana son kulawa. Ba a sheƙa masa ruwa kamar siminti, shara da tsintsiya mai laushi ta ishe shi, in ya so a goge da ɗanyen tsumma. Ba a jan gado ko akwati a kansa, ba a kuma girka turmi a yi daka. Inda ya fara farfashewa sai a cike nan da nan a sake bugawa, domin ƙaramin rami ne ke zama gidan ƙuma da kuɗin cizo, ta nan ne kuma gara ke samun ƙofa. Matan da suka san abin da suke yi sukan sake shafa ruwan makuba kafin faɗuwar damina. Kusan haka dokar take ga ma'aikacin da ya tarar da daɓen katako a ofis ko gidan gwamnati: katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, saboda haka yawan ruwa ne ke ɓata shi, sai shara da goge da man shafawa.

Babbar matsalar ita ce ɗorawar kanta. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato aka gama a 1978, ta cinye gonaki da ƙauyuka, aka kuma share filaye aka daidaita su domin noman rani. Itatuwan amfani da yawa sun tafi a wannan aiki, kuma batun diyyar gonaki da itatuwa yana cikin abin da ya kai ga rikicin watan Afrilu na 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta aka rasa rayuka. Ita kuwa ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, ga masu saran itacen girki ba su raga mata ba.

Ba wanda zai ce siminti laifi ne. A ƙasar Meziko, shirin da aka fara a jihar Coahuila a 2000 na zuba siminti a ɗakunan talakawa masu turɓaya ya rage tsutsar ciki da zawo a tsakanin yara ƙanana. Sai dai turɓaya daban, daɓe daban. Abin tsoro shi ne magidancin da kuɗin buhun siminti ya fi ƙarfinsa, matan gidansa kuma ba su gaji bugun daɓe ba, sai ya bar yaransa suna rarrafe a ƙasa tsura. Ɗaliban fannin gini na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suna da aikin yi a nan, domin har yanzu akwai tsofaffin mata a ƙauyukan Bakura da Maradun da za su iya nuna musu yawan makubar da ɗaki guda ke ci da kwanakin da ake jiƙa ta.