Sarƙar Bayanai: Matakan Farko Ga Mai Sha'awar Koyon Gina Ta

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, fasahar kwamfutar da ake kira bulokcen, wato sarƙar bayanai, sunanta ya yawaita a bakin matasa. Sai dai akasarin masu ambaton ta ba su san ta ba sai ta fuskar cinikin kuɗin intanet, inda wasu suka samu riba, da dama kuma suka tafka asara. Alhali kuwa a bayan wannan hada-hada akwai ilimin lissafi da na tsara manhaja, wanda ɗalibin sakandare zai iya fara koyo ba tare da ya zuba ko sisin kwabo a ciniki ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda sarƙar take aiki, da matakan da mai koyo zai bi.

Mece Ce Sarƙar Bayanai?

A ɗauki misalin adashi. Uwar adashi ita ke riƙe da littafin da ake rubuta zubi da kwasa. Idan littafin ya ɓace, ko aka goge wata lamba, rigima ta tashi ke nan, domin babu wata shaida sai shi. To, a ƙaddara kowane mai zubi yana da kofen littafin, kuma a saman kowane shafi an buga hatimin shafin da ya gabace shi. Duk wanda ya taɓa wani tsohon shafi, hatimin da ke shafi na gaba zai tona masa asiri, kofen sauran jama'a kuma zai ƙaryata shi. Wannan ita ce sarƙar bayanai a taƙaice. Kowane shafi ana kiran sa tubali, hatimi kuma shi ne zoben da ke ɗaure tubali da ɗan'uwansa.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka wallafa hanyar ɗaure takardun kwamfuta da juna don kada a sauya ranar rubuta su. A 2008 wani da ya ɓoye kansa da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da tsarin Bitcoin, wanda ya fara aiki a Janairun 2009. A 2015 kuma aka ƙaddamar da Ethereum, wanda ya ba da damar ɗora manhajoji a kan sarƙar.

Hatimin Lissafi

Ginshiƙin al'amarin shi ne hatimi. Wata dabarar lissafi ce ake bai wa rubutu kowane iri, gajere ko dogo, sai ta fitar da jerin haruffa da lambobi mai tsayi ɗaya. Wadda Bitcoin ke amfani da ita sunanta SHA-256, kuma hatiminta alamomi 64 ne. Alal misali, idan aka ba ta ƙananan haruffan abc, hatimin zai fara da ba7816bf, a kan kowace kwamfuta a duniya. Idan aka sauya harafi ɗaya tak, hatimin zai rikiɗe baki ɗaya. Haka kuma ba a iya bin hatimi a koma ga rubutun asali, sai dai a yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaliban ilimin halittu sun san makamancin wannan. Ciwon sikila yana samuwa ne daga sauyin harafi ɗaya a cikin ƙwayar gado mai kula da sinadarin himogulobin, amma wannan ɗan sauyi ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini. Bambancin shi ne, a jikin ɗan Adam sauye-sauye da yawa kan wuce ba tare da wata alama ba, a hatimi kuwa kowane sauyi sai ya bayyana.

Matakan Koyo

Mataki na farko shi ne koyon harshe ɗaya na tsara manhaja. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ya fi dacewa da mai farawa, saboda kyauta ne, ƙa'idojinsa masu sauƙi ne, kuma akwai manhajojinsa na wayar Android ga wanda bai mallaki kwamfuta ba. Wajibi ne ɗalibi ya iya ajiye bayani, da maimaita umarni, da gindaya sharaɗi, kafin ya matsa gaba.

Mataki na biyu shi ne gina 'yar ƙaramar sarƙa da hannunsa. Python na zuwa da wani rumbu mai suna hashlib wanda ke buga hatimin SHA-256. Sai ɗalibi ya tsara tubala biyar, kowanne ɗauke da lambarsa, da bayaninsa, da hatimin na baya. Daga nan sai ya sauya kalma ɗaya a tubali na biyu, ya ga yadda hatiminsa ya daina dacewa da wanda ke rubuce a na uku. Wannan gwaji bai wuce layuka 40 ba, kuma malami zai iya gudanar da shi a darasi guda.

Mataki na uku shi ne fahimtar abin da ake kira haƙa. A umarci kwamfuta ta yi ta sauya wata lamba a cikin tubali har hatiminsa ya fara da sifiri huɗu. A tsaka-tsaki za ta yi gwaji 65,536 kafin ta dace, kuma duk sifirin da aka ƙara yana ninka wahalar sau 16. Ta haka ɗalibi zai gane dalilin da ya sa Bitcoin, mai fitar da tubali ɗaya a kusan kowane minti 10, ke shan wutar lantarki mai yawa. Ethereum ya bar wannan hanya a Satumban 2022, ya rage shan wutarsa da fiye da kashi 99 cikin 100.

Mataki na huɗu shi ne rubuta yarjejeniya mai zartar da kanta, wato manhajar da ke zaune a kan sarƙa tana aiwatar da sharuɗɗan da aka rubuta mata. Ana rubuta ta da harshen Solidity, kuma dandalin Remix yana ba da damar gwada ta kyauta. Akwai kuma sarƙoƙin gwaji, irin su Sepolia, waɗanda kuɗinsu na atisaye ne. Littafin adashi ko ƙidayar ƙuri'un zaɓen shugaban ɗalibai sun isa aikin farko.

Abubuwan Kiyayewa

Kuskure a wannan fage yana da tsada, domin abin da aka ɗora a sarƙa yana da wuyar gyarawa. A Yunin 2016 wata kafa da aka bari a yarjejeniyar The DAO ta sa aka kwashe kuɗin Ether kimanin miliyan 3.6. Saboda haka kada mai koyo ya yi gwaji da kuɗin gaske. Kada kuma ya nuna wa kowa mabuɗinsa na sirri, domin wanda ya riƙe shi ya riƙe dukiyar. Duk mai alƙawarin ninka kuɗi da sunan wannan fasaha abin gudu ne. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a MMM, wadda ta rufe asusun jama'a a Nijeriya a Disamban 2016, ba su manta ba.

Har ila yau, doka kan sauya. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin intanet, a Oktoban shekarar ya ƙaddamar da eNaira bisa wata nau'in wannan fasaha, a Disamban 2023 kuma ya sassauta hanin.

Kammalawa

Ba kowace matsala ce ke bukatar sarƙar bayanai ba. Inda akwai amintaccen mai riƙe littafi, ma'ajiyar bayanai ta yau da kullum ta fi sauri da araha. Amma ɗalibin da ya bi waɗannan matakai zai fita da ilimin tsara manhaja, da na lissafi, da na tsaron bayanai, waɗanda za su amfane shi ko da ya zaɓi aikin likita ko na gona. Abin da ake bukata daga malamai shi ne su ware kwamfuta ɗaya da awa ɗaya a mako, su bar ɗalibai su gina tubalinsu na farko.