Ciwon maƙoƙo: Abin da gwajin jini ke bayyanawa tun kafin wuya ya kumbura

Mutane da dama ba sa zargin ciwon maƙoƙo sai sun ga kumburi a wuya, alhali likitoci kan iya gano matsalar tun da wuri ta hanyar auna wasu sinadarai a cikin jini.

Tayirod wani ɗan sashen jiki ne mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro. Da sinadarin aidin yake samar da T4 da T3, waɗanda ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda jiki ke sarrafa abinci. Umarnin aikin kuwa daga wani sashe da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yake zuwa, ta hanyar sinadarin TSH.

Saboda haka TSH ake fara aunawa. A yawancin ɗakunan gwaji, adadinsa ga baligi yana tsakanin 0.4 da 4.0. Idan ya hau, T4 kuma ya sauka, to tayirod ya yi rauni, shi ya sa ƙwaƙwalwa ke ƙara matsa masa. Mai wannan lalura kan yi fama da kasala da jin sanyi da ƙiba da taurin bayan gida. Idan kuwa TSH ya faɗi ƙasa, T4 ko T3 suka hau, aikin ya wuce kima, sai a ga rama da yawan gumi da rawar hannu da faɗuwar gaba.

Domin sanin musabbabin matsalar, akan duba ko garkuwar jiki ce ta juya wa tayirod. Samun sinadarin garkuwa na TPO da yawa kan nuna cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. Na TRAb kuma alama ce ta cutar Graves, mai sa idanu su firfito.

Idan an ga ƙullutu a wuya, jini kaɗai ba ya tabbatar da ko daji ne. Akan ɗauki hoton wurin, sannan a zuƙo ƙwayoyin halitta da siririyar allura a duba su. Yawancin irin waɗannan ƙullutai ba daji ba ne. Sinadarin kalsitonin na taimakawa wajen gano wani nau'in dajin da ba a cika samu ba, yayin da tayiroglobulin ke amfani bayan an cire tayirod, domin hauhawarsa kan nuna cutar ta dawo.

Juna biyu da ciwo mai tsanani da ƙwayoyin bayotin da ake sha domin gyaran gashi duk suna iya sauya sakamakon gwaji, don haka wajibi ne a sanar da likita. Wanda aka sauya wa adadin magani kuma sai ya jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake auna TSH.

Ta fuskar rigakafi, Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 a kullum, mai juna biyu kuma 250, domin ƙarancinsa na iya taɓa ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki.