Tambayar Abin da Ke Cikin Kwano Ba Tsirfa Ba Ce

Matafiyin da jikinsa bai jitu da gyaɗa ko riɗi ko ƙwai ba, idan ya zauna a gidan abinci a ƙasar waje, kunyar yawan tambaya ta fi yunwa yi masa haɗari. Ko rubutun jikin ƙunshi ma ba kullum yake faɗin komai ba. A watan Yulin 2016, Natasha Ednan-Laperouse, yarinya 'yar shekara 15, ta sayi burodi a shagon Pret a Manger da ke filin jirgin Heathrow na Landan. An cuɗa riɗi a cikin ƙullun, ba a kuma rubuta a ƙunshin ba. Ciwo ya tasar mata a jirgi kan hanyar Faransa, mahaifinta ya yi mata allurar adiranalin har biyu, amma rai ya yi halinsa. Rasuwarta ce ta sa Birtaniya ta kafa dokar da ta fara aiki a Oktoban 2021, wadda ta tilasta rubuta duk kayan haɗin abincin da shago ya ƙunsa da kansa.

Wani zai ce to ai doka ta wadatar. Ba ta wadatar ba, domin kowace ƙasa da lissafinta. Tun Disamban 2014 Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da irin wannan ciwo. A Amurka tara ne, riɗi bai shiga cikinsu ba sai Janairun 2023, kuma dokar ta fi shafar abincin kanti. Babu dokar da ke tsaye kan mai tuya a titin Bankok, wanda ke barbaɗa dakakkiyar gyaɗa a kan taliya, ya soya na kowa a kasko ɗaya. Kamar yajin tsire ne: ƙuli-ƙulin yana ciki, ido ba ya ganinsa.

Akwai kuma masu cewa a tsince gyaɗar a ci sauran, ɗan kaɗan ba ya kisa. Wannan magana tana da haɗari ƙwarai. Ga wasu, abin da ya maƙale a cokali ya isa ya wuce borin jini, ya kumbura maƙogwaro, ya toshe numfashi cikin mintoci.

Don haka, mai karatu, rubuta abin da jikinka ba ya ɗauka da harshen ƙasar da za ka, ka miƙa takardar a kai wa mai girki. Allurarka ta zauna a jakar hannu. Idan amsar da aka ba ka ta zo da kame-kame, tashi ka nemi wani wuri.