Injin Jirgin Autanmu

Duk wanda ya tashi a Samaru ya san ƙarar ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Palladan, wadda aka kafa tun 1964. Mu mun saba, ko kai ba ma ɗagawa. Autanmu kuwa har yau sai ya fita tsakar gida ya duba. Bana ya gama haɗa gangar jirgi mai rimot da siraran katako, faɗin fukafukansa mita 2, nauyinsa kusan kilo 5. Saura inji. Tun da kuɗin daga albashina zai fito, dole na sa baki.

Shi ransa na kan irin injin da ke shan metanol, don ƙararsa ta burge shi a YouTube. Nan take na ce a'a. Man ba ya samuwa a gidan mai, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce: metanol ruwa ne garai-garai kamar na sha, abin da bai wuce cokali ɗaya ba yana iya makantar da mutum. Gidanmu akwai yara masu rarrafe.

Mai batir ya fi tsafta, ba hayaƙi, ba hayaniya, kuma da ƙaramin jirgi ne shi zan zaɓa. Amma jirgi mai wannan girma manyan batura yake so, kowane tashi bai fi minti 10 ba, sai a koma caji. Da wace wutar? Ga shi baturan litiyom ba sa son zafi. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta a ɗaki.

Wani mai gyaran janareta a Sabon Gari ne ya raba gardamar. Ya dubi hoton injin fetur mai 30cc a wayar auta, ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, ai wannan ƙanin janareta Tiger ne." Gaskiyarsa. Shi ma gauraya masa fetur da baƙin mai ake yi, filogi ɗaya, kafireto ɗaya, duk makanike ya san cikinsa. Auta ya so a ƙara girma zuwa 50cc, wai don ƙarfi. Sai dai inji mai nauyi yana rinjayar hancin jirgi, girgizarsa kuma tana kwance ƙusoshi. Mai 20cc kuma zai yi nishi, domin Zariya tana sama da teku fiye da mita 600, ga zafin bazara, iska ba ta da kauri, inji da farfela duk ƙarfinsu raguwa yake.

Sharaɗina ɗaya ne, a kan farfela. Na taɓa wanke hannun yaron da fankar injin niƙa ta tsinke wa jijiyar yatsu biyu, kuma farfelar jirgi tana juyawa sau dubbai a minti. Ba mai tayar da injin da hannu tsirara: sanda ko safar fata mai kauri, mutum na biyu riƙe da wutsiya, da makunnin kashe inji daga rimot. Kuma nesa da filin jirgin Palladan, nesa da gidaje.

"Yaya, kin fi Baba tsanani," in ji shi. Injin dai na hanya, safar kuwa tuni na saya masa.