Rini a Cikin Ido: Yadda Likitoci Ke Auna Amfani da Illa

A can bayan ƙwayar ido akwai tantanin da likitoci ke kira ratina, wanda ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. A samansa akwai wata fata garau, wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba ko kusa. Idan rami ya ɓulle a tsakiyar ratina, wurin da mutum ke karatu da shaida fuskoki da shi, likita yakan ɓare wannan fata domin ramin ya rufe. Sai dai da ƙyar ake ganinta, ko da madubin tiyata. Dalilin rina ta ke nan.

A shekarar 2000, Kazuaki Kadonosono da abokan aikinsa a Japan suka ba da rahoton rina fatar da koren rinin da ake kira ICG. An daɗe ana zuba shi a jini don auna aikin zuciya da hanta, saboda haka aka saki jiki da shi. Ba a jima ba rahotanni suka fara fitowa: ramin ya rufe, amma wasu majinyata sun rasa wani ɓangare na ganinsu, wasu kuma ƙwayoyin da ke ciyar da ratina daga ƙasa sun lalace. Bincike ya ɗora alhakin a kan yawan rinin, da daɗewarsa a ido, da ƙarancin gishiri a ruwan da ake narka shi, da kuma hasken fitilar tiyata, wanda ke ƙara wa rinin dafi. Abin da ya sa illar ta yi nauyi shi ne, ƙwayoyin gani idan sun mutu ba sa sake tofowa.

Wannan ya sa aka koma neman madadi. Shuɗin rinin Trypan Blue, wanda Gerrit Melles na Holan ya shigar da shi aikin cire yanar ido a 1999, ya fi sauƙin illa, amma ba ya kama wannan fatar sosai. A 2006 Hiroshi Enaida na Jami'ar Kyushu ya gabatar da Brilliant Blue G, mai kama fatar da ɗan kaɗan, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019.

Duk da haka, kyawun rini bai wadatar ba idan haɗinsa ya gurɓata. A 2012 an sami ɓarkewar cutar ido a Amurka, bayan ƙwayar fangas ta Fusarium ta shiga rinin da wani kantin haɗa magunguna ya sarrafa.

Marini yana alfahari da shunin da ya kama ya ƙi fita. Likitan ido kuwa so yake rini ya nuna masa hanya ya wanke shi nan take. Don haka ƙa'idar ita ce a tsinka rinin, a gaggauta wankewa, a nisanta fitila daga ratina, asibiti kuma ya sayi wanda hukuma ta yi wa rajista kawai.