Daga Gizo Zuwa Chike: Yadda Za Mu Nazarci Adabin Turanci

A ajin ƙaramar sakandare a garuruwa irin su Kaduna, Jos ko Minna, ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗalibai huɗu a benci ɗaya, kowa da harshen da ya tashi da shi a gida: wannan Hausa, wancan Fulatanci, wata Nufanci, wata kuma Yarbanci. Wasu sun fara jin Turanci tun suna nazare, wasu sai da suka yi nisa a firamare. Amma littafin adabi ɗaya ake ba kowa, kuma jarrabawa ɗaya ke jiran kowa a ƙarshen aji uku. Shi ya sa da yawa daga cikinmu kan karaya, su ɗauka nazarin adabi sai wanda Turanci ya zauna a bakinsa.

Gaskiyar magana ita ce, tun kafin mu shiga makaranta muka fara wannan nazari. Duk wanda ya saurari tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san Gizo mai wayo ne da haɗama, ya kuma san darasin da ke ƙarshenta. Abin da malamin adabi ke kira halin tauraro da jigo ke nan. Chinua Achebe ma, a littafinsa Things Fall Apart na 1958, ya saka tatsuniyar kunkuru da tsuntsaye, wadda uwa ke ba 'yarta da dare. Kunkurun Ibo da Gizonmu halinsu ɗaya. Ashe basirar tana nan, abin da ya rage shi ne a zuba ta cikin Turanci.

Inda aka fi zubar da maki shi ne wajen maimaita labari. Malami ya tambayi halin tauraro, ɗalibi ya cika shafi da "sai ya tafi, sai ya dawo." Amsa mai kyau tana da ƙafa uku kamar murhu: ra'ayi, hujja daga littafi, da bayanin yadda hujjar ta tabbatar da ra'ayin.

Mu ɗauki Chike and the River, wanda Achebe ya fitar a 1966 domin yara. Chike ya bar ƙauyensu ya koma wurin kawunsa a Onitsha, babban burinsa ya haye kogin Neja zuwa Asaba, amma ba shi da kuɗin fito, sisi zuwa, sisi dawowa. In aka ce mu bayyana halinsa, ra'ayinmu na iya zama: Chike yaro ne mai naci. Hujja: wani ɗan damfara ya karɓe masa 'yan kuɗinsa da sunan zai ninka masa, amma bai haƙura ba, ya shiga wankin mota har ya sami abin da yake nema. Bayani: wanda aka cuta ya sake tashi ya nema da guminsa, burinsa ya fi ƙarfin asarar da ya yi. Jimla uku kacal, amma sun fi shafi guda na maimaita labari.

Ga ajin da ƙarfin Turancin ɗalibai ya bambanta, akwai dabarun da malamai ke amfani da su, mu ma za mu iya yi da kanmu. Mu haɗu uku ko huɗu, har da mai ƙarfin Turanci da mai rauni. Mu karanta babi ɗaya, mu tattauna shi da harshen da muka fi sakewa da shi, sannan kowa ya rubuta nasa sakin layi da Turanci. Mu kuma ware ƙaramin littafi na kalmomin da ke bayyana hali, kamar masu nufin jarumta, rowa, kishi da haƙuri, domin su ake buƙata a kusan kowace amsa.

Bambancin da ke tsakaninmu ma riba ce. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya gina The Passport of Mallam Ilia a ƙasar Arewa, a kan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman ɗaukar fansa. Ɗan Arewa zai fi saurin gane al'adun da ke ciki, ya bayyana wa abokinsa. In aka zo kan Onitsha da kasuwarta, abokin da iyayensa suka fito daga can shi zai riƙe fitila.

Kada tsoron kuskuren nahawu ya hana mu rubutu. Malami na iya gyara jimlar da ta karkace, amma ba abin da zai gyara a farar takarda. A wannan mako, kowa ya zaɓi tauraro ɗaya daga littafin da ake karantawa a ajinsu, ya rubuta ra'ayi, hujja da bayani a kansa, ya kai wa malami ya duba.