Tsohuwar Tarakta: A Sayar Ko A Gyara?

Jama'a, yau maganar tarakta za mu yi, watau motar noma, wadda wasu ke kira tantan. Tsohuwa mu ke nufi. A ƙasar Yawuri, daga Yelwa zuwa Bin Yawuri, da Wara, da Ngaski, da Shanga, a kan sami gidan da ya gaji tarakta wadda ta daina tashi. Mai ita ya rasu, ko kuwa ƙarfinsa ya ƙare. Tana nan a gindin itace, tayoyi sun sace, tsatsa tana cinta. 'Yan gwangwan suna zuwa suna tayawa, su farfasa ta su auna a sikeli. Magada kuwa sun rabu biyu: waɗansu sun ce a sayar, waɗansu sun ce a gyara.

Wanne ya fi? Amsar tana wurin lissafi. Tarakta da alƙalami a ke fara gyaranta, sa'an nan a ɗauko sifana.

Inda taraktocin suka fito

A shekarar 1946 aka fara ƙera wata 'yar ƙaramar tarakta mai suna Ferguson a birnin Kobantiri na Ingila. Kafin a daina yinta a 1956 an ƙera fiye da rabin miliyan, kuma har yau akwai masu tashi a cikinsu. Jajayen taraktocin nan da mu ke kira Massey Ferguson zuriyarta ne. Mai lamba 375 tana cikin waɗanda aka fi sani a Nijeriya. Injinta Perkins ne, mai fistin 4. Masana'antar Kobantiri ta daina ƙera tarakta a 2002, amma wani kamfani mai suna Millat ya ci gaba da ƙera irinta a Lahor ta Pakistan. Don haka kayan gyaranta ba su ɓace daga kasuwa ba. Akwai kuma Steyr, ta mutanen Ostiriya, wadda aka yi ta haɗawa a Bauchi daga wajen 1979, da Fiat ta Italiya wadda aka haɗa a Kano.

Ƙarfen waɗannan taraktoci mai kauri ne, injinsu kuma ba shi da rikici. Bakanike na gari yana iya kwance shi ya mayar. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani.

Bukatarmu da tarakta kuwa ba ƙarama ba ce. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki, aka ta da mutum wajen 44,000 aka sake musu mazauni. Mutane da yawa da suka saba da noman bakin ruwa suka koma noman tudu. A watan Nuwamba na 2015 kuma aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya ƙara faɗi a jiharmu. Kowa yana neman haro a lokaci guda. Wanda ya dogara ga taraktar haya, sau da yawa sai ruwan shuka ya wuce shi yana jiran layi. Sabuwar tarakta kuwa daga waje a ke kawo ta, da kuɗin waje, ta fi ƙarfin talaka.

Amma mu tuna da abin da ya faru a Mokwa. A 1949 Turawa suka buɗe babbar gona a can, suka kawo injuna masu yawa. Saiwoyi da kututture suka yi ta karya kayan aiki. Inji ya nome fili mai faɗi, hannuwa suka kāsa cire ciyawarsa. Kuɗin da a ke kashewa ya fi abin da a ke girbewa. A 1954 kamfanin ya janye. In lissafi ya kā da kamfanin Turawa, ashe zai iya kā da gidan manomi.

Aiki na farko: zaman gida

Tarakta ta gado ba ta mutum ɗaya ba ce. Kowane magaji yana da rabo a ciki, har da mata da 'ya'ya mata, da marayun da ba su balaga ba. Ba a iya yanka ta kamar sa. Saboda haka sai a tara kowa, a kira malamin da ya san rabon gado, ko a je gaban alƙali. A yi wa tarakta kuɗi yadda ta ke a yau, kafin a taɓa ta. Kowa ya san rabonsa. Wanda ba ya son shiga, a biya shi nasa, ya fita da daɗin rai.

Waɗanda suka rage su yi shawara a kan abu huɗu. Wa zai ba da kuɗin gyara? Wa zai riƙe makulli? Gonar wa za a fara nomewa? Yaya za a raba kuɗin haya? A rubuta amsoshin a takarda, kowa ya sa hannu gaban shaidu da mai gari. Taraktoci da yawa gardamar 'yan'uwa ce ta kwantar da su, injinsu lafiya lau.

Aiki na biyu: dubawa

Kada kowa ya yi gaggawar ɗaura batir ya murɗa makulli. Injin da ya daɗe a kwance, in aka tilasta shi yana iya karyewa a ciki. A kira bakanike wanda ya saba da injin gas, a biya shi ladan dubawa kaɗai. Ga abin da za a duba.

Na ɗaya, a sa giya a firi, a sa babbar sifana a gaban inji, a juya da hannu. In ya juya, alama ce mai kyau. In ya ƙi, fistin sun kama. Yawanci ruwan sama ne ya bi ta bakin salansa ya shiga. A kan cire nozul, a zuba gas da ɗan baƙin mai a ramukan, a bar shi kwanaki, a riƙa gwadawa a hankali.

Na biyu, a zaro ƙarfen awon baƙin mai, watau geji. In man baƙi ne, ba laifi. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya gauraya da shi. Watakila gasket ne ya ƙone, wannan da sauƙi. Watakila kuwa wani wuri ya tsage a ciki.

Na uku, a wanke gangar jikin inji, wadda makanikai ke kira bulok, a nemi tsaga. In bulok ya tsage ƙwarai, gyaran ya zama na sayen wani inji.

Na huɗu, a duba lagireto, da wayoyin da ɓeraye suka ci, da bututun da zanzaro ya toshe da laka.

Na biyar, a duba tayoyin baya. Suna cikin kaya mafi tsada a jikin tarakta. In rana ta tsattsaga su har zare ya fito, sai sababbi.

Sa'an nan a nemi 'yar farantin ƙarfe da ke manne a jikin tarakta, da lambar da aka buga a jikin inji. A kwafe su a takarda, baƙi da baƙi, lamba da lamba. Da su za a sayi kayan da ya dace. Baƙi ɗaya in ya sauya, sai a dawo da abin da ba zai shiga ba.

Aiki na uku: lissafi

Bakanike ya faɗi duk abin da a ke bukata, a rubuta. A tambayi kuɗin kowane abu wurin mutum biyu ko uku. A ƙara ladan aiki da kuɗin mota. Sa'an nan a ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kai, gama in an buɗe inji ba a rasa ganin wata ɓarna da ta ɓoye.

Kuɗi yana hawa yana sauka, don haka bari mu yi misali da buhun shanshera. Misali ne kawai, kowane gida ya sa nasa adadin. A ce gyara zai ci buhu 60. A ce da can gidan yana biyan buhu 15 na hayar tarakta kowace shekara, yanzu ya huta. A ce kuma tarakta za ta samo buhu 35 a gonakin maƙwabta. An sami 50 ke nan. Gas, da baƙin mai, da ladan direba, da ƙananan gyare-gyare su ci 30. Saura 20. Cikin shekara 3 gyara ya biya kansa. Wannan a gyara.

In kuwa abin da ya rage buhu 5 ne, sai an shekara 12 kafin kuɗi ya dawo. Wannan a sayar. Ba abin kunya ba ne. Amma kada a ba 'yan gwangwan a kan awon sikeli. A nemi mai irin taraktar, gama giya, da famfon gas, da kan inji, kowanne yana da kuɗinsa. Abin da aka samu ya isa a sayi shanun huɗa da garma, ko injin ban ruwa.

Aiki na huɗu: gyara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin gyara shi ne bayan kaka, sa'ad da akwai amfani a rumbu, damina kuma da sauran nisa. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo a watan Mayu, zai sami bakanike ba shi da sukuni.

A yi aikin a inuwa, a kan tabarma ko leda mai tsabta, domin yashi shi ne babban abokin gaban inji. Kowane noti da aka kwance a sa shi a gwangwani, a rubuta inda ya fito. A zubar da tsohon gas, a wanke tanki. A sa sababbin filta, da sabon baƙin mai, da fanbel. A wanke lagireto. Famfon gas da nozul kuwa kada a buɗe su a ƙauye. A kai wa masu injin gwada su a babban gari.

A bi gyara bisa tsari: inji tukuna, sa'an nan birki da sitiyari da kuloci, sa'an nan hannuwan baya masu ɗaga haro. Fenti shi ne na ƙarshe, gama fenti ba ya noma.

Abin da ba a samu kusa ba, a kan neme shi a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Mai zuwa saye ya tafi da takardar lambobi da tsohon abin a hannu, ya kuma karɓi rasit. A yi hankali da jabu. Araha ba ta ado. Filta ta jabu tana iya kashe famfon da ya fi ta kuɗi nesa ba kusa ba.

Ranar da ta tashi

Injin gas ba shi da fulogi. Iska ya ke matsewa har ta yi zafi, sa'an nan gas ya fesu a ciki ya kama. In iska ta shiga bututun gas ba zai tashi ba, sai an fitar da ita. Da ya tashi, a dubi agogon baƙin mai. In bai nuna mai yana zagayawa ba, a kashe nan da nan.

Sa'an nan a dubi hayaƙi, gama kukan kurciya jawabi ne. Baƙin hayaƙi yana nuna gas ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko kaya sun yi nauyi. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, ringi sun cinye. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna gas ba ya ƙonewa sosai, ko ruwa yana shiga. In an sa sababbin ringi, a ba ta aiki matsakaici na wajen awa 50, sa'an nan a sauya baƙin mai.

Kiwon tarakta

Shekarun tarakta da awa a ke ƙidaya su. Kowace safiya a duba baƙin mai, da ruwa, da iskar taya, a sa giris. A share matatar iska, tun ba lokacin ƙurar hunturu ba. Baƙin mai galibi a kan sauya shi bayan awa 200 zuwa 250. Gas da aka sayo a duro a bar shi ya kwana ya kwanta, a ɗebi na sama. A cika tanki da yamma don kada raɓa ta taru a ciki. In an ajiye ta, a kife gwangwani a bakin salansa, a yi mata rumfa.

A sayi littafi ɗaya, a ajiye shi wurin mai amana. Kowace rana a rubuta gonar da aka yi, da awa nawa, da gas nawa, da kuɗin da aka karɓa. Daga kowane kuɗin haya a ware na gyara tun kafin a raba. Ranar da taya ta fashe, wannan ajiya ita za ta hana tarakta komawa gindin itace.

Tsare rai

Kujerar tarakta ɗaya ce, ta direba. Kada a ɗora yara a kan murfin taya. Ƙasar bakin tafki inda ruwa ya ja baya takan bushe a sama, ƙarƙashinta taɓo ne, sai a taka ta da ƙafa kafin a shiga. In za a jawo abu, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa. Wanda ya ɗaura a sama, tarakta tana iya ɗaga kai ta kife a kansa kafin ya ƙifta ido. Kada mai babbar riga ya matsa kusa da ƙarfen baya mai juyawa. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. A kan titi a haɗa birkin dama da na hagu wuri ɗaya. Ƙarfe in ya karye a kan sami wani a kasuwa, rai kuwa ba a sayar da shi ko'ina.

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke yi wa tarakta kuɗi kafin a fara gyara?
2. In baƙin mai ya yi fari kamar nono, me ya faru?
3. Gyara ya ci buhu 48, ribar shekara buhu 16 ce. Shekara nawa kafin ya biya kansa?
4. Wane abu huɗu ne magada za su rubuta a takarda?